Madubin Sista Rifkatu

Shekara hamsin da huɗu ina ɗauke da jikin nan.
Na san gwiwar da ke faɗa mini hadari na tafe,
na san haƙorin da ke gaba da goro,
amma da aka ce, "Iya Hansatu, ina ke ciwo?"
sai na ce, "Can."
"Can ina?"
Na ce, "Ƙasa."
Na ɗaga kai na dubi fanka, fanka ba ta cece ni ba.

Wata tara ina susa a ɓoye.
Na dafa bagaruwa na zauna ciki har ta huce,
na sayi ƙullin maganin sanyi a kasuwar Darazo
wurin mai lasifikar nan da ba ya gajiya da rantsuwa,
ribar ƙuli-ƙulin kwana uku ta tafi.
Ƙaiƙayi ya shanye magani, ya yi gyatsa, ya gyara zama.

Sista Rifkatu ba ta yi dariya ba.
Ta ja labule, ta juya bayan katina,
ta zaro biro daga cikin kitsonta,
ta yi zane kamar mai raba gonar gado.

"Nan manyan leɓɓa, su ne katangar waje.
Ciki ƙananan leɓɓa, fatarsu ba ta shiri da sabulu mai zafi.
Sama inda suka haɗu, ɗan-tsaka ne da 'yar rumfarsa,
jijiya ce zalla, ba a halicce shi don aska ba.
Ƙasa kaɗan ƙofar fitsari, 'yar mitsitsiya.
Sannan ƙofar farji.
Daga nan zuwa dubura akwai 'yar gadar nama,
ita ke yagewa in kan ɗa ya taho da gaggawa."

Ta faɗe su tiryan-tiryan,
kamar mai lissafa kayan miya,
rufin ɗaki bai faɗo ba.

Na ce, "Tsaya. Ta fitsari daban take?"
Ta ce, "Daban."

Ni da na haifi takwas, ƙasa ta karɓi biyu,
ni da ake aiko wa yaro da tsakar dare in naƙuda ta kama maƙwabciya,
ashe gidan da na tsufa a ciki
ban san yawan ƙofofinsa ba.
Uwata ta ba ni sunan kowace ciyawa a bayan gari,
ta rafasa, ta tafasa, har wadda akuya ke ƙi,
amma nan wurin ta ce mini "gaba",
ta ja bakinta ta tsuke.
Ban ga laifinta ba. Abin da aka ba ta ke nan.

Sai Sista ta miƙo madubi,
irin na ɗari biyar, mai jan baki, ya tsage a gefe.
Hannuna ya yi rawa.
Na yi bisimilla, na duba.

Ba dodo, ba abin tsoro.
Fata ce, ta tsufa tare da ni, har da furfurarta.
Ga tabon ɗinkin Sabitu,
wanda yau yake jan tirela zuwa Fatakwal
bai san ya bar sa hannu a nan ba.
Ga kuma farin wurin, a leɓen hagu, kamar an ɗiga koko.

Na sa yatsa na ce, "Nan ne. Ƙaramin leɓe, na hagu."
Muryata ce ta faɗa, na ji ta da kunnena.

Ta rubuta man shafawa, safe da dare.
Ta ce in bai ja baya ba nan da sati shida
za a ɗebi ɗan ƙanƙani a kai Bauchi a auna.
Ta ce, "Da kin ƙara shekara kina cewa can..."
Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nema ba.

A bakin ƙofa na juyo:
"Takardar nan, a ba ni."
Ta ce ta asibiti ce. Ta yage wata ta sake zanawa.

Tana nan a lalitata, tare da kuɗin adashi.
Ran Juma'a Sakina za ta zo wankan jego.
In na gama gasa mata jiki, in jaririn ya yi barci,
zan shimfiɗa takardar nan a kan tabarma.
Ban san ta inda zan fara ba.
Wataƙila ta ƙofofin.